Ranar da Akuyar Inna Ta Cinye Kwamfuta

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ranar nan tana nan daram a kaina. Lokacin ina malamin noma a wata firamare kusa da Adabka. Hedimasta ya dawo daga bita a Gummi da sabuwar doka: kowane darasi sai an sa karatu da lissafi da kwamfuta a ciki. Mu da ko lantarki ba mu da shi!

"Sufeto na tahe ran Talata," in ji shi. "Wanda yak kasa, ƙetaren gulbi za a maishe shi."

Ni kuwa ba na son a ɗauke ni daga nan, domin gerona ya fara fitar da kai, kuma ba mai kula da Inna sai ni.

Na samo kwalin sabulu na yi akwatin kwamfuta, na yanka haruffa ashirin da shida na jera a wani kwalin. Da ban samu gam ba, sai na manna su da ƙullun gero. A lokacin gani nake ba a taɓa yin mai dabara irina ba. Darasin kuwa kiwon awaki ne, don haka na aro akuyar Inna.

"Kai dai ka maido min ita lahiya," in ji ta.

Ranar Talata sufeto ya zauna a bayan aji fuska a murtuke. Na ɗaure akuya a ƙafar tebur, na juya ina rubutu a allo da iyayi. Sai na ji aji ya yi tsit, in ban da wani ƙurus-ƙurus a bayana.

"Malam," in ji wata ɗaliba, "akuya na cin kwamhuta."

Na waiga. Akuya ta ɗora ƙafafu a tebur, ta lumshe ido tana tauna kwalin haruffa. Na ja kwali ta ja, har hulata ta faɗi. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sufeto ya taso, ya karɓi guntun kwalin ya ɗaga wa yara.

"Haruffa nawa sunka rage?"

"Tara!"

"To nawa tac canye?"

"Sha bakwai!"

Ya ce su zo su rubuta waɗanda suka ɓace, kowanne a gurbinsa. Yaran da nake roƙo su zo allo suka dinga ture juna. Ko ɗaya ba su kuskure ba. Sufeto ya yi dariya har da hawaye.

"Malam, zamna abinka," in ji shi. "Amma wanga darasi akuya tak koyar da shi."

Na girbe gerona a gida. Tun ranar na gane yara sun fi riƙe abin da ya faru a gaban idonsu. Yanzu da kwamfutar gaske nake koyarwa, amma ko ƙosai ba na bari a kawo kusa da ita.