Allura da Kofuna Uku

Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin ganduroba a sashen mata na gidan yari, kuma duk mai wannan aiki sai zuciyarta ta yi kanta, in ba haka ba ba za ta kai shekara ba. Na ga masu kuka, na ga masu zagi, na ga wadda ta cije ni a hannu. Duk sun wuce, ban riƙe ko fuskarsu ba. Amma akwai mace guda da har yau, in na ga kofin takarda yashe a ƙasa, sai in kewaye shi. Tela muke ce mata, don ɗinki ne sana'arta kafin ta shigo.

Da cikin wata biyar aka kawo ta. Mijinta ya saba jibgarta, ran nan ya zo zai maimaita tana cikin guga, ta ɗaga dutsen gugar ta sauke masa a ka. Bai sake tashi ba. Alƙali ya ba ta shekara goma sha biyar. Ban taɓa jin ta kare kanta ba. In mata suka tambaya, sai ta ce, "Na yi," ta ci gaba da abin da take yi.

A gidan ta haihu, 'yar siririya, mata suka sa wa yarinyar Allura. Suka ce ita kaɗai ce allurar da Madam ba ta isa ta ƙwace ba. Madam ɗin ni ce, kuma gaskiya suka faɗa, don ɗakin masu goyo ba a shiga da allura, ba almakashi, ba zare, ba kwalba, ba komai na ƙarfe. Gado shida ne, da bokiti, da taga guda can sama wadda yaro ba ya hango komai ta cikinta. Ni da hannuna na taɓa ƙwace 'yar tsana a hannun wani yaro saboda akwai waya a wuyanta. Ya yi kuka har ya shiɗe, ni kuwa na rubuta a littafi na wuce.

Abu ɗaya ke shiga ɗakin ba a bincika ba: ƙananan kofunan takarda da nas ke rabon magani a ciki kowace safiya. Tela ta roƙi a daina zubarwa. Sai ta ɗauraye su, ta kife a bakin gado su bushe. Kai, hannu baiwa ne! Da farce take yanka, da dafaffiyar shinkafa take mannawa, da ragowar shayi da man goge baki take fenti. Ta haɗa bakin kofi biyu da ƙwayar shinkafa a ciki ya zama kacau-kacau. Ta yi wa yaran ɗakin hula, ta yi jirgin ƙasa, ta yi zomo mai dogayen kunnuwa, alhali yaran nan ko kyanwa ba su taɓa gani ba. Takan jera kofuna su yi tsayi har gwiwa, yara su rugo su rushe, ta sake jerawa. Sau talatin a wuni, ba ta gajiya. Na taɓa ce mata, "Ke dai ba ki da aikin yi." Ta ce, "Madam, in kina da shi ba ni."

To, dokar gidan ita ce yaro in ya cika shekara uku sai ya fita. Yayar Tela ta yarda za ta riƙe Allura, amma garinsu da nisa, tafiyar wuni guda ce. Abin da ke cin Tela ke nan. Ta san za a kula da 'yar, tsoronta kada yarinyar ta ɗauka uwarta ta yar da ita, ta manta da ita. Saura wata shida ta ƙirƙiro wani wasa.

Ta yagi gefen jan ɗankwalinta ta ƙulla, ta ce wannan ƙulli sunansa Mama. Sai ta kife kofuna uku a kan siminti, ta rufe ƙullin da ɗaya, ta jujjuya su. "Ina Mama?" Allura ta ce, "Ta tafi." "To nemo ta." Yarinya ta ɗaga kofi, ta ƙwala ihu, "Ga ta!" Kullum sai an yi, safe da yamma. Na lura yarinyar ba ta taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya, abin ya ba ni mamaki. Ran nan na sa ƙafa na ture kofunan. Ashe ƙulli uku ne, kowane kofi da nasa.

Na ce, "Haba Tela, wannan ai maguɗi ne."

Ta ce, "So nake ta sani, abin da aka rufe ba ɓata ya yi ba. Yana nan, in an ɗaga za a same shi."

Ranar fita ni na raka su ƙofa. Na ga rabuwa irin wannan ta fi a ƙirga, yaro na birgima, uwa na dukan bango, sai mun taru mun ɓamɓare. Allura ko ƙwalla ba ta yi ba. Tela ta durƙusa ta ce, "Ina Mama?" Yarinya ta yi dariya ta ce, "Ta tafi." Ta kama hannun yayar uwarta suka fita. Duk muka yaba. Ni uwar iyayi har ofis na je ina ba da labari, wai a koya wa sauran iyaye wannan dabara. Allah ya yafe mini.

Bayan wata biyu Yaya ta zo ziyara, ita kaɗai. Ina tsaye a kansu, don aikina ne. Ko gaisuwa ba su gama ba Yaya ta fashe da kuka.

Ta ce, "Me kika koya wa yarinyar nan? Babu abin da ba ta ɗagawa a gidana. Kwano, bokiti, kwandon kaji, har gidan maƙwabta take shiga. Ta ɗaga, ta leƙa, ta mayar, ta nufi na gaba. Ba ta kuka, ba ta wasa da yara, abinci sai an ɗura mata, duk ta ƙare. Makon jiya ta ɗaga murfin tukunya a kan wuta. Hannun dama ya saɓule har nan." Ta nuna wuyan hannunta.

Tela ta ƙura wa wuyan hannun Yaya ido. Can ta ɗago ta ce, "Madam, a taimake ni da kofi uku." Ba a yarda a miƙa komai a ɗakin ziyara ba. Duk da haka na je wurin ruwan sha na ɗebo mata.

Ta kife su a kan tebur. Ta nuna wa Yaya yadda ake jujjuyawa da abin da ake faɗa. Sannan ta ce, "Ki riƙa yi da ita safe da yamma. Amma kada ki sa komai a ciki. Duk wanda ta ɗaga ta tarar babu."

Yaya ta ce, "Har zuwa yaushe?"

"Har ta daina ɗagawa."

Na juya musu baya ina gyaran makullai, don ba na so fursuna ta ga idona. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba.

Wata huɗu Yaya ba ta dawo ba. Tela ta ci gaba da yi wa sauran yara hula da jirgi, amma ta rame, magana ma sai ta kama dole. Da Yaya ta zo, da hoto ta zo. Allura ta yi kumatu, an yi mata kitso, tana sanye da rigar makaranta, tabon ƙuna ya warke.

Tela ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta daina?"

"Ta daina. Sati uku aka yi, ran nan ta ture kofunan ta fita wasa."

"Tana tambayata?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Wa take ce wa Mama?"

Sai hawaye suka zubo wa Yaya. Tela ta tura mata hoton a hankali ta ce, "Madalla. Allah ya saka miki da alheri, Yaya." Saura minti ashirin lokacin ziyara ya cika, mata kuwa har faɗa suke yi da ni a kan minti ɗaya. Ita sai ta miƙe ta ce, "Madam, mayar da ni ciki." A lokacin saura mata shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. Na buɗe mata ƙofa ta shiga.