Ruwan da Muka Kai wa Baƙi

A shekarun da aka sami mulkin kai, lakol ɗin ƙauyenmu, makarantar boko ke nan, can gefen Gangara, rumfar zana ce guda da mushe guda, wato malaminmu. Mutum ne mai zafin nama wanda ya ɗauka cewa idan ka yi wa mutane bayani sun ji. Ruwan tabki muke sha, kuma kowace damina kurkunu sai ya kwantar da rabin gari daidai lokacin noma. Mushe ya ƙudura sai an gina mana rijiyar siminti.

Ran nan ya shigo aji yana murna. Ya ce wasu likitoci biyu suna zagaya lakol-lakol daga Agiye da madubin likita, mai nuna ƙananan halittun da ido ba ya gani. Za su nuna wa yara da malamai abin da ke cikin ruwa, kuma garin da aka ga ruwansa ya fi muni shi za a fara yi wa rijiya. Saboda haka kowa ya zo da ruwan gidansu a kwalba, yadda ake shansa.

Na kai wa innata saƙon ba ragi ba ƙari. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Baƙo ya roƙi ruwa, in ba shi na tabki yadda yake? A ɗauka a diba gaban jama'a, a ce ga na gidan wance? Ba da ni ba."

Ta bar ruwan ya kwanta, ta tace shi da sabon kallabin da take ɓoyo don salla, ta tafasa, ta sake tacewa. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin ruwa mai haske haka a gidanmu ba, har na roƙi kurɓi ɗaya aka hana ni. Ashe duk gari haka ake yi. Maigari ma ya sa an yi shela cewa kada wanda ya kunyata gari. Wani gida suka tura jaki har Gangara aka ɗebo na rijiya. Wata tsohuwa kuwa ta ga ruwa zalla rowa ne, ta dama wa jikanta ɗan fura a ciki.

Baƙi suka iso da hantsi, suka kafa madubin a kan teburin mushe inda rana ke faɗowa. Babban likitan ya ɗiga ruwan kwalbar farko, ya leƙa, ya juya wani ɗan ƙarfe, ya sake leƙawa. Babu komai. Kwalba bayan kwalba, babu komai, sai ta mai fura da aka ga ɓarɓashin gero. Ina kallon mushe gumi yana karyo masa. Ya aika a ɗebo daga randar ɗakinsa, ashe matar gidan da yake zaune ta riga ta tace masa nasa, don mutunci. Ya ce to a je bakin tabki. Maigari ya ce baƙon gwamnati ba ya taka taɓo a garinsa, su kuma baƙin suna sauri, ana jiransu a Gazawa.

Don kada mu tashi ba mu ga komai ba, ƙaramin likitan ya ciro wata kwalba da suka samo a wani ƙauye gabas da mu. Muka yi layi. Da na kafa ido sai ga wasu 'yan abubuwa masu gashi suna tsalle kamar ƙuma. Likitan ya ce a cikinsu kurkunu yake ɓuya, kuma tacewa da ƙyalle tana tare su. Mu dai dariya muka yi ta yi wa mutanen ƙauyen nan, muna cewa ƙazamai. Ranar kasuwa ma sai da muka tsokani yaransu.

Babban likitan ya yaba wa matan garinmu, ya ce duk zagayensu bai ga masu tsabta irinsu ba. Mata suka yi guɗa. Mushe ya zauna a kan benci ya dafe kai, kuma har yau idan na tuna fuskarsa tausayi nake ji. Kafin girbi aka fara haƙa rijiya a ƙauyen ƙazamai. Mu kuwa aka wanke kallabi aka mayar cikin adaka, tunda baƙi sun tafi.

Damina mai zuwa inna ta kwanta, ƙafa ta kumbura, gonarta ta cika da haki. Ina zaune ina naɗe mata zaren kurkunun a jikin tsinke, haushi ya ci ni, na ce da ta bar ruwan yadda yake da yanzu muna da rijiya. Ta cije leɓe har zafin ya lafa.

"Mi ka sani?" ta ce. "Ai dai likita da bakinshi ya ce ruwan gidana ba datti."