Na Ja da Na Fari

Shekara ashirin da shida Lado ya yi yana tura baron ƙanƙara a tashar Magama, bakin iyakar Jibiya. Lokacin da iyaka ke ci, motar Katsina kan sauke masa dunƙule arba'in da hantsi, ya lulluɓe su da ɓuntun shinkafa da tsofaffin buhuna, ya bi masu zoɓo goma sha ɗaya da masu fura shida da mai shagon lemo ɗaya yana rabawa. Kafin azahar baro ya koma wayam. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, takwas yake karɓa, uku kuma a hannunsa suke narkewa. Sai ya zauna a gindin dalbejiya yana kallon ruwa na ɗiga ta ƙasan baro.

Mutanen tasha ba su cika kiransa Lado ba. Na Ja suke ce masa, kuma sabbin zuwa kan ɗauka ko don hularsa ce. Ba hula ba ce.

Shekara goma sha bakwai ke nan, wata ranar Laraba da damina, hadari ya taso bayan azahar ya kora mutum shida cikin gidan kallon Mudathir, da shi suka zama bakwai. Ƙwallo suka so gani. Iska ta juya farantin da ke kamo tashoshi a kan rufi, hoto ya ɗauke, da ya dawo sai ga wata tasha mai Faransanci, ga fili fari fat, ga wasu ƙarti sanye da hulunan kwano suna sulɓi a kansa da gora a hannu.

"Wannan siminti ne?" in ji Mudathir.

Lado ne ya fara ganewa, don aikinsa ne. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Ƙanƙara ce wallahi. Ku dubi yadda take feshi in sun ja birki."

Aka yi masa dariya. Sai Zunnuraini, direban Jibiya zuwa Maraɗi, mutumin garin Ɗan Isa da ke Nijar, wanda ya yi aji huɗu a lakwal, makarantar bokonsu ta Faransanci, ya kasa kunne ya ce gaskiyar mai baro ce. Ya ƙara da cewa wasan ƙarshe ne na cin kofi ake maimaitawa, wanda ya ci yau ya ɗauka.

Nan take Lado ya shiga lissafin dunƙule nawa za a jera a shimfiɗe filin nan. Ya kai dubu uku ya bari, don wasan ya ɗauke shi. Mutum shida-shida ne, suna bin wani baƙin abu kamar ƙonanniyar waina, takalmansu da wuƙa a ƙasa. Wani mai gemu, lamba arba'in da huɗu, ya yi dariya aka ga ba shi da haƙoran gaba, Lado ya ce shi dai yana bayan wannan, yana bayan masu jar riga. Zunnuraini ya ce to shi farare ya ɗauka, don daga gani sun fi tarbiyya. Sauran biyar suka rabu, uku da biyu. A wasan kuwa aka yi ci biyu da biyu. Golan farare ya karya gorarsa ya tare da ƙirji. Agogon da ke gefen hoto ya nuna saura minti shida, sai iska ta ciro farantin gaba ɗaya ta jefa shi bayan masallaci.

Mudathir ya gyara faranti washegari. Kwana tara yana juya shi, tashar nan ba ta sake fitowa ba.

Daga ranar gaisuwarsu ta canja. In fijo ɗin Zunnuraini ta shigo tasha, Lado zai ajiye baro ya ce, "Na Fari, kun sha kashi."

"Ka gani da idonka?"

"Mai wawulon nan ba ya barin minti shida ta wuce banza."

"Golan da ya tare da ƙirji? Kai dai je ka, kayanka na zama ruwa."

Sau biyu a rana, kwana shida a mako. Wani lokaci musun kan kai su har cikin rumfar mai shayi, a jawo sauran su ba da shaida, kowa da nasa. Wani ya ce uku da uku ne, wani ya rantse ya ga jini a kan ƙanƙara. Lado bai taɓa yarda a taɓa masa lissafi ba: biyu da biyu, saura minti shida.

Shaidun suka yi ta raguwa. Biyu sun rasu. Ɗaya an tare shi a hanyar Bugaje shekara huɗu da suka wuce, har yau ba labari. Ɗaya ya bi ɗansa Kano. Mudathir ya rufe gidan kallo ya mai da shi ɗakin ajiye gawayi, in an tambaye shi wasan sai ya ce shi ruwan da ya jiƙa masa janareta kawai yake tunawa. Saura biyu, kuma da aka rufe iyaka, Zunnuraini ya zauna wancan gefe.

A wata na biyar da rufewa Salmatu, matar Zunnuraini, ta aiko da saƙon murya a wayar Mufida, 'yar Lado da ke karatu a Katsina, ta zo hutu. Ta ce ɓarin jikin maigidan ya shanye. Ta ce yau kwana arba'in da ɗaya bai ce uffan ba, ko da ita, alhali likita a Maraɗi ya ce harshen bai mutu ba, sai dai a samu abin da zai ja shi ya yi magana, in an daɗe kuma ba lalle ta dawo ba. "Baban Mufida, kai ne ka san bakinshi. Mu mun yi iya yinmu."

Lado ya sa an maimaita masa saƙon sau uku. Sannan ya ce, "Ke, wayar nan taki tana nemo wasan da aka yi da daɗewa?"

"Wane wasa, Baba?"

"Na kan ƙanƙara."

"Ƙwallon gora? Baba, ai irinshi sun fi dubu."

"Wannan ɗaya ne. Shekarar da aka yaye ki. Ja da fari. Mai lamba arba'in da huɗu ba shi da haƙora."

"Rabinsu ba su da haƙora," in ji Mufida bayan ta ɗan duba, tana dariya.

Bai yi dariya ba. Dabararsa a shirye take, kuma a ganinsa ba ta da ƙofa. In jajaye ne suka ci, Zunnuraini zai ce ƙarya ne, ko da rabin baki. In farare ne, ai ko a makara yake sai ya tashi ya yi masa gori.

Kwana uku tana nema. Ta nuna masa wasa tara yana cewa ba shi ba ne tun kafin a yi minti ɗaya. A na goma gola ya karya gora ya tare da ƙirji, Lado ya riƙe hannun 'yarsa. Ta faɗa masa sunayen garuruwan biyu, ba wanda ya zauna a bakinsa. Ya kalli minti shidan nan a tsaye. Saura minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, mai wawulo ya zagaya bayan raga ya miƙa wa wani siriri, siririn ya zura. Uku da biyu. Lado ya ɗaga hannu sama, ya waiga hagu da dama, ba kowa a tsakar gidan sai Mufida da akuya. Ya sauke hannun.

Ranar Asabar bai karɓi ƙanƙara ba. Ya ari wayar, ya hau bayan mashin, suka bi ta gonaki. Tafiyar da fijo ke yi cikin rabin awa ta ci musu awa biyu da minti arba'in, sun tsaya sau huɗu suna jiran a ce hanya lafiya.

Motar ya fara gani a ƙofar gida, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na kwance a ƙarƙashinta. Zunnuraini na zaure a kan katifa, an jingina shi da matashi biyu. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Salmatu ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsuguna.

Lado ya yi masa sannu, ya yi masa addu'a. Zunnuraini ido kawai ya bi shi da shi. Sai Lado ya gyara zama ya ce, "Na Fari, kun sha kashi."

Gefen bakin da ke motsi ya ɗan ja. Yatsun hannun dama suka ɗaga daga kan bargo, kamar mai cewa dakata. Salmatu ta dafe ƙirji. Lado ya ga alamar, amma zumuɗi ya riga ya kwashe shi, bai jira ba.

"Yau na gani da idona. Kai ma ga shi."

Ya riƙe masa wayar a gaban fuska. Minti shida ba wanda ya motsa. Ƙarar gora da ihun mutanen wata ƙasa suka cika zauren. Da siririn ya zura, Lado ya zuba wa bakin abokinsa ido yana jiran kalmar ƙarya.

Zunnuraini ya kalli jajaye suna rungumar juna, ya kalli golansa durƙushe a kan ƙanƙara. Ya daɗe yana haɗa abin a bakinsa, sannan ya fito da shi da ƙyar.

"To. An gama."

Salmatu ta fashe da kuka tana alhamdu lillahi, ta tashi da gudu ta shiga gida ta faɗa wa yara. Kalma uku, bayan kwana arba'in da bakwai.

Lado ya mai da hoton baya da sauri. "Tsaya, ba a gama ba. Dubi nan, ka ga yadda wancan ya ture golanku? Alƙali ya gani ya kau da kai. Ni a ganina an cuce ku, mutumina. Ko ba ka gani ba?"

Zunnuraini ya lumshe ido.

"Da gorarshi ba ta karye ba ai da kun ɗauka. Ka ce wani abu mana."

Zunnuraini bai buɗe idon ba. Lado ya zauna da shi har la'asar. Ya soma zancen tasha, ya ga ba abin faɗi sai wanda ya tashi da wanda ya rufe shago. Ya soma zancen mota, ya tuna tana kan duwatsu. Ya nemi wata hirar da suka taɓa yi su biyu a shekara goma sha bakwai, wadda ba ƙanƙara a cikinta, ya samu gaisuwar salla da ta'aziyya biyu.

Da zai tafi Salmatu ta rako shi har wajen mai mashin, ta cusa masa ƙullin gyaɗa. Fuskarta a washe. "Baban Mufida, Allah ya saka. Don Allah ka dawo ran Juma'a, ka gani, kai kaɗai yake ma magana. Ko zai ƙara."

"In sha Allahu," in ji Lado.

Mai mashin ya tayar. Suka bi ta cikin karan gero da aka girbe, Lado na riƙe da gyaɗa a cinya, yana neman abin da zai ce wa Zunnuraini ranar Juma'a in ya shiga zauren ya gama sannu. Har suka hango rufin tashar Magama bai samu ko ɗaya ba.