Layi ɗaya da ya share ƙauyen kawuna

Shekarun baya, ina gama bautar ƙasa, na samu aikin wucin gadi da wata ƙungiya mai raba wa manoma taki da irin masara a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ni ne mai kwamfuta. A lokacin ji nake duk ofishin nan babu mai kai irin nawa.

Ma'aikata kan zaga ƙauyuka su rubuto abin da kowane gida ya noma, ni kuma in zuba a jadawalin lambobi, wanda muke kira matiris. Ƙauyukan da ba a iya shiga ba saboda 'yan bindiga, sai in sa musu -1, alamar ba mu je ba.

Ana gobe za a tura rahoto, oga ya tsaya a bayana ya ce lambobin nan na ƙasa da sifili suna ɓata lissafi, in mayar da su sifili.

Na ce, "Yallaɓai, sifili fa yana nufin ba su noma komai ba."

Ya ce, "Malam, aiki na ba ka, ba shawara na nema ba."

Da zan ce muku na yi gardama, da na yi ƙarya. Hankalina ma ya koma kan wata dabara da na koya a jami'a: maimakon ka bi gurbi-gurbi, sai ka kafa sharaɗi, duk gurbin da ya cika shi a canza shi lokaci guda. Na rubuta layi ɗaya, A(A < 0) = 0, wato duk lambar da ke ƙasa da sifili ta koma sifili, na danna. Abokina da ke tebur na gaba ya leƙo ya ce, "Kai, shi ke nan har ka gama?" Na gyara zama ina murmushi. Ko kwafin na asalin ban ajiye ba.

Daga wannan jadawali aka fitar da sunayen masu samun taki, aka cire duk mai sifili.

Bayan makonni, ranar kasuwar Ƙanƙara, aka ce ana sallama da ni. Ƙanin mahaifiyata ne, ya taso a bayan babur tun daga ƙauyensu ta wajen Faskari, hanyar da ma'aikatanmu suka ƙi bi. Muka gaisa, sai ya buɗe min tafin hannunsa, duk ya yi kanta.

Ya ce, "Ɗana, wai an ce na'ura ta ce ba mu noma. To wanga hannu mi na yi da shi?"

Na ce, "Kawu, zan duba."

Na koma na duba, amma yanzu wanda ba a je wurinsa ba da wanda bai noma ba duk sifili ne, babu mai raba su. Takardun asali kuwa an kwashe su zuwa babban ofis. Na sami oga, ya ce rabo ya riga ya wuce. Da ƙorafi ya yi yawa aka kira taro, ina zaune ya ce kuskure ne daga wajen mai kwamfuta. Abokina, wanda ya ji komai da kunnensa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ba a sabunta min aiki ba.

Daminar nan masarar kawu ba ta yi ba. Ya sayar da shanun huɗarsa, bai sake mallakar wasu ba har ya rasu.

Na daɗe ina jin haushin oga. Amma idan na zauna ni kaɗai, abin da ke ci min rai shi ne na san ba daidai ba ne, na faɗa sau ɗaya, sannan na yi, har da jin daɗin saurina. Yanzu ina koyar da ɗalibai wannan dabara, kuma ba na barin kowa ya danna sai ya gaya min su wane ne a cikin guraben da zai canza. Suna ganin tsanani ne kawai.

Ban taɓa gaya wa kawu gaskiya ba. Har yau idan mahaifiyata ta tuna shi, takan ce kullum yana sa min albarka, wai duk ofishin nan ni kaɗai na tsaya musu.