Matar da Ke Ɗauke da Keken Ɗinki

Kawuna ya yi shekaru yana ɗauko wa wata jarida hotuna daga garuruwan da yaƙi ya ci a gabas, kafin ya dawo Sabon Garin Wudil. Lokacin ina jami'a, nakan je gaishe shi ranar Juma'a, in yi ta tonon akwatin hotunansa.

Wata rana na ci karo da hoton wata mata mai gudun hijira, keken ɗinki a kanta, leɓɓanta duk sun tsage. Na san hoton, domin bayan fitowarsa har a masallacin unguwarmu an tara hatsi da tufafi.

Na ce, "Kawu, ta yi maka magana kuwa?"

Ya ce, "Ruwa ta roƙe ni. Ga gora a kafaɗata, amma sai da na ɗauki hotonta sau uku kafin na miƙa mata."

"To, ta sha?"

"Ta sha, ta sa mini albarka, ta wuce. Har yau ban san ko ta lura da jinkirin ba."

Ya karɓi hoton, ya tambaye ni jikin mahaifiyata.