Filibus Mai Gwajin Jirgi

A Trikania babu wanda bai san Filibus ba, ɗan leburan masaƙa da ya zama hafsan sojan sama. Aikinsa gwaji ne. Duk jirgin da makanikai suka kwance suka ɗaure, shi ke fara tashi da shi a ga ko gyaran ya yi. Matarsa Christy ba ta iya cin abinci sai ya sauko.

Sai aka sa shi cikin waɗanda aka ce za a kai ƙasar waje koyon zuwa sararin samaniya. Nan fa kai ya kumbura. Ya bar giya da tsire, kullum da asuba yana gudu har Kudenda, 'yan unguwa na kiransa Na-Wata.

Ana cikin jira, gwamnan soja ya ba shi shugabancin kwamitin rusau. Ya san in ya ƙi za a ba wani gurbinsa na zuwa samaniya, sai ya karɓa. Ya kwantar da rumfunan bakin titin Nasarawa kaf, har da ta Mama Irene wadda ya girma da ƙosanta. Ta durƙusa masa, ya kau da kai.

Farar hula na karɓar mulki, aka yi wa hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙamin siyasa ritaya, har da shi. Maganar samaniya ta bi ruwa. Ba tsuntsu, ba tarko. Unguwa ba ta ce masa sannu ba, kuma da gaskiyarta.

Gori bai dame shi kamar kewar tashi ba. Ya bi kamfanonin jirage har takalminsa ya suɗe, ana ce masa sai an neme shi.

Wata Lahadi bayan coci sai ga Benson, tsohon ƙaraminsa a soja, wanda yanzu yake aiki a wani kamfanin feshin gonaki. Ya ce an gyara musu wani tsohon jirgi, matuƙansu duk sun ƙi hawa.

Christy ta ce, "Shi ne ka tuna da mijina?"

Benson ya sosa ƙeya. "Madam, gaskiya ɗaya ce. Oga ba ma'aikacinmu ba ne. In ya faɗi, jirgi kawai kamfani ya rasa."

Ta juya ta dubi mijinta, tana jira ya kore shi. Fuskar Filibus ta yi haske kamar an yi masa albishir.

Ya ce, "Ƙarfe nawa zan zo?"