Alfadari a Zangon Ƙarshe

Yayana ɗan dako ne, amma ba na kasuwa ba. A dutsen da ke bayan garinmu ya yi dakonsa, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Baƙi ne ke zuwa daga nesa da manyan takalma da sanduna, wai za su hau ƙololuwa su ga duniya. Yawancinsu ko gorar ruwa ba sa iya kaiwa rabin hanya, sai Yaya ya ɗaure jakunkunansu da igiya, ya naɗa gammo, ya sa kai gaba. Abokan aikinsa Alfadari suke ce masa, don ba ya zamewa, ba ya ƙorafi, kuma in ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bari. Ni ƙanwarsa ce. Ina da teburin shayi a gindin dutsen, inda motoci ke sauke mutane, saboda haka a kan idona ya tsufa.

'Yan dakon dutsen suna da doka guda wadda suka riƙe fiye da cin abinci. Can sama, kafin a kai ƙololuwa, akwai wata rumfar kwano da ake kira zangon ƙarshe. Daga nan hanya ta tsuke, ba ta ɗaukar mutum da kaya. Sai a sauke komai a rumfar, ja-gora ya wuce da baƙi, ɗan dako ya zauna gadi. Dalili kuwa birai ne. Suna nan kan duwatsu kamar masu jiran rabo, ka juya baya su farke jaka su watsar da abin ciki a rami. Ɗan dakon da ya bar kaya su kaɗai, ko da don ya kama ruwa ne, ya zubar da mutuncinsa ke nan a cikin 'yan'uwansa. Yaya bai taɓa bari ba, kuma da wannan yake taƙama, shi da ba shi da gona ba shi da keke.

Ga abin da ke ba ni haushi. Baƙin nan in sun sauko sukan zauna a bencina suna haki suna labari. Wai daga sama ana ganin tsaunuka bayan tsaunuka har ido ya gaji, ga wani tafki yana ƙyalli, ga garuruwa ƙanana kamar an watsa wa kaji tsaba. Mutumin da ya zo jiya ya gani. Yaya, da ya fi shekara talatin yana hawa, iyakarsa rumfar kwano da fuskokin birai.

"Yaya, wai kai ba ka sha'awar leƙawa ne?" nakan tambaye shi.

"Dutsen zai gudu ne?" in ji shi, ya ci gaba da hura shayinsa.

Ranar hutunsa kuwa ba ya ko kallon wajen. Yana ɗakinsa, ɗaki ɗaya mai katifa da rediyo da igiyoyi rataye a ƙusa, yana ɗinkin takalmi ko yana shafa man zafi a wuya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa guda direban babbar mota ne, sai a yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. To wa zai ce masa tashi ka hau dutse don nishaɗi? Ai ko ni da nake yi masa tsiya, na san wanda ya yi sati yana hawa da kayan wasu ba zai hau ranar hutu kyauta ba.

Bara ne ya fara cin karo da bakin ƙofa. Mutum ya gaishe shi daga gefe, sai ya juya jikinsa gaba ɗaya yana neman mai magana. Na ce mu je asibiti, ya ce gajiya ce. Sai da ya taka gefen hanya jakar wani baƙo ta gangara, shugaban 'yan dako ya ce ya huta tukuna, sannan ya yarda na ja shi. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkirtawa kawai yake yi, kuma mun zo a makare. Na tambaye shi saura yaushe. Ya ce shi ba zai yi mana alkawarin bayan damina ba.

Muna fitowa Yaya ya tsaya a bakin titi. Na ɗauka tsoron motoci yake ji, na kama hannunsa. Sai ya ce, "Ina so in ga kan dutsen nan."

Tunda uwarmu ta haife ni ban taɓa jin ya ce yana son wani abu ba. Na juya kai don kada ya ga idona, na manta ko ban juya ba ba zai gani ba.

Lokacin kuwa ya ƙure. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma da zarar ruwa ya sauka sosai ake rufe hanyar dutsen sai bayan damina. Ban tsaya neman kowa ba. Na rufe teburina, na ɗaure gwiwoyina da tsumma, muka kama hanya bayan sallar asuba. Kowa a garin ya san ƙa'idar: in kana son gani, ka kai ƙololuwa da hantsi, domin kafin azahar gajimare ke tasowa daga kwari ya lulluɓe komai.

Ba mu yi nisa ba na ga yana tangaɗi kamar ɗan koyon tafiya. Na ce ko idon ne. Ya ce a'a, kansa ne ya yi sakayau, bai saba tafiya ba komai a ka ba. Ya karɓi jakata da fulas ɗin shayi ya ɗora, nan take tafiyarsa ta daidaita. Na ce, "Allah ya shirye ka, Yaya. Kai ko Aljanna aka ce ka shiga sai ka tambayi ina kayan da za a ɗauka." Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Ni ce na zama kaya. Ina hawa ina tsine wa duk wanda ya fara ƙirƙiro hawan dutse don sha'awa. Muka bi ta cikin itatuwa, muka tsallake wani rafi mai sanyi kamar ƙanƙara, muka fito fili inda ciyawa ke kaɗawa. Shi yana gaba, kansa a sunkuye, yadda ya saba. Duk da jan ƙafata, mun isa zangon ƙarshe da hantsi. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Na ce a raina yau Allah ya yi.

Sai ga tulin jakunkuna a tsakiyar rumfar, babu kowa. Daga baya muka ji ɗan dakon da ya kawo su ya sauka da wata baƙuwa da numfashi ya gagare ta, ja-gora kuma ya ga ba zai hana sauran hawa ba, ya wuce da su. Birai uku sun riga sun sauko, babban har ya kama madaurin wata jaka. Yaya ya daka musu tsawa, suka koma kan dutse suka zauna. Shi ma ya sauke jakata ya zauna.

"Tashi mu tafi," na ce.

"Ba a barin kaya."

"Kayanka ne? Kai ka kawo su? Wa ya sa ka?"

"Ba a barin kaya su kaɗai. Yanzu masu kayan za su sauko."

"To ni in zauna, kai ka wuce."

"Ke? Biran nan ba sa tsoron mace. Kuma wa zai nuna mini inda zan sa ƙafa? Daga nan ban san hanya ba."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na roƙe shi. Na tuna masa maganar likita. Na ce an sallame ka daga aikin nan, Yaya, babu wanda zai ce ka yi laifi, babu ma wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce wallahi wanda ya sa maka Alfadari ya cuci alfadari. Ya tsinci tsakuwa ya tara a gabansa, yana juya kai dama da hagu yana neman biran da ɗan abin da ya rage masa na gani. Ina zaune ina kallon kwari, har na ga farin abu ya fara tasowa daga ƙasa a hankali.

Baƙin ba su sauko da wuri ba. Me zai sa su yi sauri, gari ya yi musu kyau? Da suka iso suna ta dariya suna nuna wa juna hotuna a waya. Suka zuge jakunkunan da muka yi gadi. Rigunan sanyi ne a ciki, da gorunan da aka shanye, da ɓawon lemo. Wani mai fara'a a cikinsu ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Baba, kai kam ka more. Abin da muka sha wuya muka zo gani sau ɗaya, kai kullum kana ganinsa."

Yaya ya ce, "Haka ne."

Ja-gora ya gane shi, ya ce, "Alfadari, me ya kawo ka? In sama za ku, ku haƙura, ya riga ya rufe." Yaya ya ce za mu gwada.

Muka hau. Ina gaba yanzu, hannunsa a kafaɗata, ina faɗa masa nan tudu nan rami. Tun kafin mu kai, gajimaren ya cim mana. A ƙololuwar babu komai sai wani faffaɗan dutse da sandar ƙarfe a kafe, sauran duk fari fat, ko yatsun ƙafata da ƙyar nake gani. Ya saki kafaɗata ya tsaya. Ya ɗaga kai, abin da ban saba ganin ya yi ba, ya juya a hankali har ya zagayo.

"Idona ne, ko gajimare ne?"

"Gajimare ne, Yaya. Ni ma ba na ganin komai."

"To mu ɗan jira."

Muka jira. Sanyi ya shiga ƙashina, shayin fulas ya ƙare. Sau ɗaya iska ta taso na ce ko za ta yaye, sai ta ƙara turo wani. Da yayyafi ya fara, shi da kansa ya ce mu sauka kada hanya ta yi santsi. Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka sa wa hanyar dutsen kwaɗo.

Damina ta yi tsawo. Ina ɗiga masa magani safe da yamma, bututun nan yana ƙara tsukewa. Ya daina gane fuskata, ya daina gane ƙofa, daga baya ya daina gane ko an kunna fitila. Ɗansa ya zo ya kwana ɗaya, ya yi kuka, ya koma bakin aikinsa. Ruwa kuma ya cinye wurin da nake kafa teburina, dole na koma tsallaken titi, kusa da shagon mai faci.

Ranar da aka buɗe hanya na riƙo shi na kawo shi wurina, don zaman ɗaki ya fara cin sa. Na zaunar da shi a benci. Motoci suna ta sauke baƙi, yana jin ƙarar sandunansu da muryoyin tsofaffin abokan aikinsa suna rabon kaya.

"Gari ya washe?" ya tambaye ni.

"Ya washe."

"Ana ganin kan dutsen daga nan?"

"Tar ake ganinsa."

Sai ya gyara zama ya ɗaga fuskarsa. Bai san na sauya wuri ba, dutsen yana bayansa. Bangon shagon mai faci ya fuskanta, da tsofaffin tayoyi jingine a jiki, ya daɗe a haka. Na buɗe baki zan gyara masa, na ga babu amfanin da zai yi masa. Na bar shi, na juya na zuba wa wani baƙo shayi.